Kafin ka zare filash daga kwamfuta

Kwamfuta takan nuna ta gama aiki alhali da sauranta. Ka tura fayil zuwa filash, koren layin nan ya cika, akwatin kwafi ya ɓace daga allo, sai ka miƙa hannu ka fizge filash ɗin. A daidai wannan lokacin, mai yiwuwa wani sashe na fayil ɗin bai bar cikin kwamfutar ba tukuna. Gyaran kwamfuta ne aikina, kuma da yawa daga cikin filash da memorin da ake kawo mini da kukan "ya ƙi buɗewa" ba faɗuwa suka yi ba, ba ruwa suka sha ba. An zare su ne ana tsakiyar rubuta musu abu. Yana damuna ƙwarai in ga ɗalibi ya rasa aikin watanni, ko mai ɗaukar hoto ya rasa hotunan da ba za su sake ɗaukuwa ba, a kan abin da jiran daƙiƙa biyar zai hana.

Zan fara da abin da ke faruwa a ciki, domin wanda ya gane dalili ba ya bukatar a riƙa tuna masa.

Ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, wato RAM, ta fi filash sauri nesa ba kusa ba. Saboda kada ka zauna jira, kwamfuta takan karɓi bayanan ta tara su a RAM, ta ce wa manhajar da kake aiki da ita an gama, sannan ta ci gaba da zuba su cikin filash a hankali a bayan fage. Duk abin da yake wannan ajiyar ta wucin gadi lokacin da aka zare filash, ya tafi ke nan. Wannan ita ce asara ta farko, kuma ita ce mai sauƙi, domin fayil ɗaya ko biyu take ci.

Ta biyu ta fi muni. Ka ɗauki filash kamar littafi mai fihirisa a gaba: shafuka suna ɗauke da rubutun, fihirisa kuma tana faɗin inda kowane babi ya fara da inda ya ƙare. Duk lokacin da aka saka sabon fayil, sai an rubuta shafukan, an kuma gyara fihirisar, kuma ba a lokaci guda ake yin su ba. In aka katse aikin tsakanin biyun, ko dai ka ga sunan fayil amma girmansa 0 KB, ko kuma bayanan suna nan kwance amma babu abin da ke nuna inda suke. In kuwa fihirisar ce ake cikin gyarawa aka zare, folda guda na iya ɓacewa da duk abin da ke cikinta, ko sunayen fayil su rikiɗe su koma wasu alamomi marasa kan gado. Wannan hanyar jera fayil da fihirisarsu ita ake kira tsarin faifai, kuma yawancin filash da memori suna zuwa ne da tsarin FAT32 ko exFAT. Memorin da bai wuce 32GB ba yakan zo da FAT32, wanda ya wuce haka kuma da exFAT. Waɗannan tsare-tsaren biyu ba sa ajiye tarihin gyaran da suke shirin yi, don haka in aka katse su ba su da abin komawa. NTFS na Windows da ext4 na Linux suna ajiye irin wannan tarihi, shi ya sa suka fi jure katsewa. Amma a lura, tsarin faifan suke karewa, ba su ba da tabbacin cewa fayil ɗin da ake cikin rubutawa zai tsira.

Akwai ta uku, wadda ba a cika magana a kanta ba. A cikin kowane filash, memori ko SSD (faifan ajiya marar abin juyawa a ciki) akwai ɗan ƙaramin guntu mai sarrafa rubutu. Irin wannan ma'adana ba a rubuta sabon abu kai tsaye a kan tsoho, sai an goge wani babban sashe gaba ɗaya, kuma kafin a goge sai an kwashe abin da ke cikinsa mai amfani zuwa wani wuri. Idan wuta ta yanke ana cikin wannan kwashe-kwashe, kamar yadda take yi da zarar an zare filash, abin da zai lalace yana iya zama tsohon fayil da ba ka ma taɓa shi ranar ba. Wannan ne ke rikita mutane, su ce "ai wancan fayil ɗin tun bara yake ciki lafiya ƙalau".

To, umarnin "Eject", wato sallamar na'ura kafin a zare ta, waɗannan matsalolin yake rufewa. Yana tilasta wa kwamfuta ta juye duk abin da ta riƙe a RAM zuwa cikin na'urar, ya duba ko akwai manhajar da ke riƙe da wani fayil, sannan ya rufe tsarin faifan ya sa masa alamar cewa an rabu lafiya. Sai bayan nan ne hannunka ke da aiki.

Yadda ake yi a Windows

Fara da rufe duk abin da ka buɗe daga cikin filash ɗin: takardar Word, PDF, bidiyo, waƙa, har da tagar foldar kanta. Rufewa nake nufi, ba saukar da taga ƙasa ba. Daga nan ka duba ƙasan allo ta hannun dama, kusa da agogo. Akwai ƙaramar alama mai siffar kan kebul na USB. In ba ka gan ta ba, danna 'yar kibiyar da ke kallon sama, tana ɓoye a ciki. Da ka danna ta za a jero maka na'urorin da ke jone. Tsaya ka karanta sunan da kyau in sun fi ɗaya, domin cikin sauƙi mutum yakan sallami wannan ya zare wancan. Zaɓi "Eject" na wanda kake so, ka jira saƙon "Safe to Remove Hardware". Wannan saƙon ne izininka, ba cikar koren layi ba.

Hanya ta biyu ta File Explorer ce, wato tagar da ake duba fayil da folda. Danna maɓallin Windows tare da E, ka shiga "This PC", ka danna filash ɗin da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi "Eject". Ga filash duk ɗaya ne da ta farko. Ga memorin da aka soka a kafar karanta kati ta jikin kwamfuta kuwa, na fi son wannan hanya, saboda a wasu kwamfutocin alamar kusa da agogo takan sallami na'urar karanta katin ɗungurungum, ta ƙi sake ganin wani kati sai an kashe kwamfutar an kunna. Shi kuma babban faifan ajiya na waje, had dis, sau da yawa ba za ka ga "Eject" a jikinsa a File Explorer ba, domin Windows tana ɗaukarsa kamar faifan dindindin. Nasa ta alamar kusa da agogo ake yi.

Na san wani zai ce ya ji Microsoft ta ce yanzu ba sai an yi duk wannan ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Windows tana da tsari biyu ga na'urorin waje. "Better performance" yana amfani da ajiyar wucin gadin nan don sauri, "Quick removal" kuma yana kashe ta, a riƙa rubuta komai kai tsaye. Tun daga Windows 10 bugu na 1809, wanda ya fito a 2018, "Quick removal" ne tsarin da na'urorin waje ke zuwa a kai, haka ma a Windows 11. Kana iya duba naka: danna maɓallin Start da dama, ka shiga "Disk Management", a sashen ƙasa ka danna sunan faifan da dama, ka zaɓi "Properties", sannan "Policies". Shawarata ka bar shi a "Quick removal". In ka mai da shi "Better performance" don kana yawan tura manyan fayil, to ka sani daga ranar "Eject" ya zama dole a kanka, babu ranar hutu.

Amma ko a "Quick removal" ban yarda a riƙa fizgewa haka kawai ba. Abin da wannan tsari ya cire shi ne jinkirin da Windows ke yi da kanta. Bai hana wata manhaja zama tana rubutu a lokacin da ka miƙa hannu ba. Misali, muddin takarda tana buɗe a Word, akwai ɓoyayyen fayil mai farawa da ~$ da Word ke ajiyewa a gefenta cikin filash ɗin. Manhajar kashe bairos tana iya kasancewa tana bincike. Idonka ba ya ganin waɗannan, amma "Eject" yana ganinsu. Kuma ba kullum kwamfutarka kake sokawa ba. Ta wani ba ka san yadda aka saita ta ba.

Kada kuma ka dogara da 'yar fitilar da ke jikin filash. In tana ƙyaftawa, tabbas ana aiki, kada ka taɓa. Amma tsayawarta ba shaida ba ce cewa babu sauran abu a RAM, kuma filash da yawa ba su da fitilar ma.

Idan ta ce na'urar tana cikin aiki

Nan ne haƙurin mutane ke ƙarewa. Ka danna "Eject", sai Windows ta ce "This device is currently in use", alhali kai ka rufe komai. Mutum ya sake dannawa, a sake ba shi amsa ɗaya, sai ya ce ai ita ta sani, ya fizge. Kada ka yi haka. Saƙon nan ba ƙarya yake ba, akwai abin da ke riƙe da faifan, aikinka shi ne ka gano shi.

Da farko ka ɗan dakata kamar rabin minti ka sake gwadawa. Sau da yawa manhajar kashe bairos ce ko mai tsara bincike na Windows ke leƙa sabbin fayilolin, kuma da sun gama za su saki. In bai yi ba, ka duba abubuwan da ake mantawa: sashen samfoti na File Explorer da ke nuna hoto ko PDF a gefe, manhajar kallon bidiyo da ka rufe fim amma ita tana nan a buɗe, manhajar da ke tura fayil zuwa intanet kamar OneDrive ko Google Drive in ka haɗa ta da wata folda ta ciki, burauzar da ke sauke abu kai tsaye cikin filash, ko baƙar tagar umarni da aka bari a harafin faifan. Rufe duk tagogin File Explorer gaba ɗaya yakan warware matsalar.

In har yanzu ta ƙi, Windows tana da inda za ta nuna maka mai laifin. Danna Start ka rubuta resmon, "Resource Monitor" zai buɗe. Shiga shafin CPU, ka nemi sashen "Associated Handles", ka rubuta harafin filash ɗin a akwatin bincike, misali E:\ in shi ne harafinsa. Za a jero manhajojin da ke riƙe da wani abu a ciki. Wadda ka sani, ka je ka rufe ta ta hanyar da aka saba. Wadda ba ka san sunanta ba, kada ka kashe ta da ƙarfi, wataƙila ta Windows ce kanta.

Akwai hanyar da ba ta bukatar duk wannan bincike. Ka fita daga asusunka da "Sign out" ka sake shiga, ka gwada "Eject". In ya ci tura, kashe kwamfutar da "Shut down", ka jira fitilunta su mutu, sannan ka zare. Kashewa tana juye komai ta rufe faifan yadda ya kamata. Rufe murfin laftof ba kashewa ba ne. Barci kawai ta yi, kuma a wurinta filash ɗin yana nan jone, fayilolinsa a buɗe. In ka zare a wannan hali, za ta farka ta nemi abin da babu.

Mac, Linux, waya da kyamara

A Mac babu sassauci, kullum sai an sallama. A Finder, wato tagar duba fayil ta Mac, akwai 'yar alama mai kusurwa uku da layi a ƙasa kusa da sunan faifan, danna ta. Ko ka zaɓi faifan ka danna Command da E, ko ka ja alamarsa zuwa kwandon shara, wanda zai rikiɗe ya zama alamar sallama. Jan nan ba ya goge komai, kada ya ba ka tsoro. Jira sunan ya ɓace kafin ka zare. In faifan an raba shi gida biyu ko fiye, ka zaɓi "Eject All". Saƙon "Disk Not Ejected Properly" kuwa, in yana fitowa ba tare da ka taɓa komai ba, ka zargi kebul ko kafar USB da ta yi sako-sako.

Linux takan riƙe bayanai da yawa a RAM. Za ka ga fayil mai girman 2GB ya "gama" kwafuwa cikin 'yan daƙiƙu, sannan ka danna sallama ta tsaya minti ɗaya ko fiye tana cewa ana rubutu. Ba lalacewa ta yi ba, yanzu ne take ainihin aikin, ka bar ta. Mai aiki da tagar umarni ya rubuta sync ya jira ya dawo, sannan umount da sunan wurin. In ta ce faifan yana cikin aiki, lsof zai nuna wanda ke riƙe da shi.

A wayar Android, memori ko filash da aka jona ta OTG (ɗan mahaɗin da ke jona filash da waya) ana sallamarsa daga saitin ma'adana, inda aka rubuta "Eject" ko "Unmount", ko daga sanarwar da ke saman allo. Kashe wayar kafin cire memori ma ya wadatar. Wayar da aka jona da kwamfuta ta kebul don tura hotuna ba ta bukatar sallama, domin ita ke kula da ma'adanarta, amma sai turawar ta ƙare tukuna. Kyamara kuma a kashe ta, a jira fitilar katin ta mutu, kafin a buɗe murfin. Bayan ɗaukar hotuna a jere ko dogon bidiyo takan ɗauki daƙiƙu tana zuba su cikin kati, kuma bidiyon da aka katse kafin a rufe shi yakan ƙi buɗewa ɗungurungum, ba ƙarshensa kaɗai ba.

Had dis mai juyawa

Wannan yana bukatar kulawa ta daban, domin a cikinsa akwai ƙarfe mai motsi. Faifan da ke cikin ƙananan had dis na tafi-da-gidanka yawanci yana juyawa sau 5,400 a minti, wato sau 90 a kowace daƙiƙa, kuma kan da ke karatu da rubutu yana shawagi a samansa da tazarar da ta fi silin gashi sirantaka ninkin-ba-ninki. In aka sallame shi yadda ya dace, kan yakan koma mazauninsa, faifan ya rage gudu ya tsaya. Na zamani suna da dabarar janye kan da gaggawa in wuta ta yanke, amma dabarar ceto ce, ba a yi ta don a riƙa maimaita ta kullum ba.

Ga yadda nake yi. Bayan saƙon izini ya fito, nakan ɗora yatsa a bayan akwatin. Muddin ina jin rawar juyawa, ba na ɗaga shi. A wasu kwamfutocin yakan tsaya nan take, a wasu kuma yana ci gaba da juyawa har sai an zare kebul. In haka ne, zare kebul ɗin daga jikin kwamfuta, ka bar akwatin a kwance kamar daƙiƙa goma kafin ka ɗauka ka jefa a jaka. Girgiza shi yana juyawa tana iya sa kan ya karci faifan, kuma wannan lahani babu manhajar da ke gyara shi. Manyan da ke da nasu kebul na wuta kuma a bi su da tsari: sallama, sannan kashe maɓallinsu, sannan zare kebul. Kuma kan kebul ɗin ake kamawa a ja a miƙe, ba igiyar ba. Kafar da ke jikin had dis na waje ba ta da ƙwari, kuma a wasu samfura manne take da allon faifan, in ta karye aikin ya zama babba. SSD na waje ba shi da abin juyawa, amma duk abin da na faɗa game da filash ya shafe shi.

In an riga an zare

Ko wuta ta ɗauke, ko wani ya tuntuɓe da kebul, ko dai hannu ya riga tunani. Mayar da na'urar ka ga abin da za ta ce. In Windows ta tambaya ko kana son "Scan and fix", ma'anarsa ta ga alamar ba a rabu lafiya ba. Kafin ka amsa mata, buɗe faifan ka kwashe muhimman abubuwa zuwa kwamfuta, sannan ka bar ta ta gyara. Dalilin wannan jeri shi ne gyaran tsarin faifai yake dubawa, kuma a ƙoƙarin daidaita shi yakan yanke guntayen da bai gane ba ya zuba su a wata ɓoyayyiyar folda mai suna FOUND.000, da sunaye masu ƙarewa da .CHK. A Mac, "First Aid" na cikin Disk Utility ne ke wannan aiki.

In kuwa saƙon ya ce sai an yi "format", wato a share faifan a sake tsara shi, kafin a yi amfani da shi, danna "Cancel". Ina roƙonka a kan wannan musamman. Galibi bayananka suna nan, hanyar zuwa gare su ce ta lalace. Kada ka saka komai sabo a ciki, domin kowane sabon rubutu yana iya hawa kan abin da kake son cetowa. TestDisk da PhotoRec manhajoji ne na kyauta da ke iya zaƙulo fayiloli daga irin wannan faifai. PhotoRec yakan dawo da su ba tare da sunayensu na asali ba, kuma abin da aka ceto a wani faifan daban ake ajiye shi, ba a kan mai ciwon ba. Had dis da ya fara ƙara ƙas-ƙas kuma a cire shi daga wuta nan take a kai wa masu aikin ceto bayanai, domin kowace kunnawa tana ƙara masa rauni.

Abu biyu za su rage maka haɗarin tun daga tushe. Kada ka riƙa aiki kai tsaye a kan takardar da ke cikin filash. Kwafo ta cikin kwamfuta, ka yi aikinka, ka mayar in ka gama, ta yadda lokacin da ake rubutu a filash zai taƙaita. Sannan in abin mai muhimmanci ne, yi amfani da "Copy" maimakon "Cut". "Cut" yana goge na asali da zarar kwamfuta ta ɗauka kwafin ya kammala, in kuma aka sami matsala a filash ɗin ka rasa duka biyun. Bayan ka kwafa, sallami filash ɗin, ka zare, ka sake sokawa, ka buɗe fayil ɗin daga ciki. Buɗewar da ka yi kafin sallama tana iya zama daga RAM kwamfuta ta nuno maka shi, ta bayan sake sokawa ce ke karantowa daga filash ɗin kansa. In bidiyo ne ka ja shi zuwa ƙarshe ka gani, in takarda ce ka leƙa shafin ƙarshe, in folda ce ka gwada yawan fayiloli da girmansu da na asali ta "Properties". Sai sun yi daidai sannan ka goge na cikin kwamfuta.